Teburin Mai Gyaran Agogo

A Ƙauran Namoda, daura da tsohuwar tashar jirgi,
ina da tebur mai ƙafa uku da rabi,
bulo ne ya cike rabin.
Shekara ashirin da shida ina gyara wa mutane lokaci,
nawa kuwa kullum a guje nake bin bayansa.

Ja durowar dama ka sha kallo:
batir matacce da mai rai suna kwana wuri ɗaya,
ƙusoshi ƙanana kamar riɗi,
maɗaurin fata da ya sha gumin wani,
rasiɗin wutar bara, ɓarin goro ya bushe,
da agogo goma sha ɗaya da masu su suka ce “sai gobe.”
Guda cikinsu har an yi sadakar arba’in ɗinsa.

Ran Laraba Nomau direba ya tsaya,
ya ce, “Bawa, yi sauri, Shinkafi zan yi lodi.”
Na ce minti biyar.
Minti biyar ta haifi ashirin, ashirin ta yi jika,
ina ta birkita tebur ina neman gilashin ido,
Nomau ya nuna ni da makullin mota:
“Ga shi nan a goshinka, malam.”

A gida ma ban tsira ba.
Katin asibitin auta ya ɓace daren da jikinsa ya yi zafi,
muka ɗaga katifa, muka zazzage buhun tsumma,
Tumba na riƙe da fitila, ba ta ce uffan ba
sai da gari ya waye:
“Kai ke faɗa wa gari ƙarfe nawa,
kai ke zuwa suna bayan an watse.”

Kulu ce, ’yata ta tsakiya, ta zo ran Asabar
da gwangwanin madara tara daga teburin mai shayi,
ta wanke, ta liƙa wa kowanne takarda.
Na ce kada ki taɓa, na san inda kome yake.
Ta dube ni. Na matsa.

Batir nan. Ƙusa nan. Hannun agogo nan.
Abin da bai yi aiki ba tun zaɓe biyu, kwando.
Kowane abu ta ɗaga sai na ce zai yi amfani wata rana,
ta ce, “Baba, wace rana? Faɗi in rubuta.”
Ban da amsa.

Can ƙasa, ƙarƙashin jarida da ta zama ƙasa,
hannunta ya fito da agogon mahaifina,
mai sarƙa, mai murfi, wanda ake wa wani da yatsa.
Shekara takwas ke nan
da na rantse Sanda yaron shagona ne ya ɗauke.
Na kore shi gaban mutane, rana tsaka,
yana kuka yana cewa a duba.
Ban duba ba.
Ina zan fara dubawa a wannan juji?

Na murɗa shi. Ya kama tafiya,
kamar ba abin da ya faru.

Yanzu kafin magariba nakan ba tebur minti goma,
hantsaki ya koma ƙusarsa, tsintsiya ta yi nata.
Na daina cewa gobe in jibi nake nufi.
Katin asibiti na rataye bayan ƙofa, cikin leda.
Durowar hagu dai har yau ban buɗe ba,
Kulu ta ce hutu mai zuwa.

An ce Sanda na gyaran waya a Gusau, bakin kasuwa.
Jumma’a zan rufe da wuri in shiga mota.
Agogon na aljihuna.
Abin da zan ce masa ne ban san gwangwanin da yake ciki ba.